Kwana 23 da yi min aikin ƙarin mahaifa

Yau da asuba ina ɗagowa daga sujada jiri ya kwashe ni sai da na dafa bango, ƙirjina na dukan uku-uku kamar wadda ta yi gudu. Raka'a ta biyu a zaune na ƙarasa ta. Na je gaban madubi na ja fatar idona ƙasa yadda nas ta koya min, ja ya ɗan fara dawowa, ba kamar ranar sallama ba da yake fari fat.

Ƙarfe 9 maigida ya kai ni asibiti gwajin jini. PCV ɗina, wato ma'aunin yawan jini, 29, ranar sallama 25 ne duk da leda 2 da aka ƙara min, likita ta ce na mace mai lafiya daga wajen 36 yake farawa, kenan da sauran tafiya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da ta ce ba jinin da na zubar a tiyata kaɗai ba ne, shekarun nan da ƙarin mahaifa ke sa ni zubar da jinin al'ada ba kai ba gindi sun riga sun cinye ayon ɗin da jikina ya ajiye, wato sinadarin da jiki ke haɗa jini da shi, tun kafin wuƙa ta taɓa ni. Ashe shi ya sa nake ta taunar ƙanƙara ko da sanyi, wallahi ban taɓa haɗa su ba.

Sai ta tambaye ni da me nake haɗiyar ƙwayar ƙarin jinin. Na ce da shayi mai madara mana, kullum da safe. Ta girgiza kai, ta ce ganyen shayi da madara duk suna hana hanji tsotsar ayon, in bar tazarar awa 2 tsakani, in sha da ruwa ko lemon zaƙi. Raina ya ɓaci sosai, sati 3 fa kenan! Baƙin bahaya kuma ta ce aikin maganin ne kar in tsorata, taurin cikin ne dai ke damuna saboda tsoron yunƙuri nake da ɗinkin nan, ta ce in yawaita ruwa da gwanda. Kuma ko jinin ya cika sai na ƙara wata 3 ina sha.

Da muka dawo na tarar Umma ta haɗa min malt da madarar gwangwani a babban kofi kamar kullum. Da kyar na iya buɗe baki na ce Umma likita ta ce wannan ba ya ƙara jini, ƙarfi kawai yake ɗan sa wa. Ta yi shiru, na ji ba daɗi don na san da kuɗinta take saye. Can bayan la'asar sai ga ƙamshin farfesun hanta daga kicin, ga kwaɗon zogale ta matse masa lemon tsami, ta zauna bakin gado sai da ta ga na cinye tas.

Na saita ƙararrawar waya ƙarfe 11 na safe don ƙwayar. Nan da sati 2 za mu koma gwaji in sha Allah.