Keken lafiyarsa ƙalau, teburin ne matsalar

Mai ɗinkin riga da siket ba zai gane abin da nake nufi ba, don yadi biyu ko uku ba su da wani nauyi. Bargon ƙyallaye kuwa hawa uku ne: fuskar da aka harhaɗa da guntayen atamfa, auduga a tsakiya, sai zanen baya. Na gadon shida da shida, idan ana so ya zubo ta gefe, sai ya kai ƙafa bakwai da rabi ta kowane ɓangare. Duk wannan lodin ta ƙarƙashin allura ɗaya zai wuce. Ina zai zauna kafin ya iso wurin allurar, ina kuma zai sauka bayan ya wuce? Babu wanda ya yi mini wannan tambayar lokacin da nake sayen teburin keken ɗinki, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Kan keken na gada ne daga Goggona, irin baƙin nan mai zanen ruwan gwal da ake gani a kowane shagon tela a Gombe, daga Jekadafari har Pantami. Ƙafar ƙarfen da ake takawa da tebur kawai na nema. A wani shago aka nuna mini mai aljihu huɗu, yana ta sheƙi, mai shagon yana cewa, "Hajiya, wannan har ɗakin amarya sai ya shiga." Kuɗinsa da sauƙi, na biya aka ɗora mini a Keke Napep.

Haɗa ƙyallayen bai ba ni wahala ba, an wuce wurin. Rigimar ta fara ne ranar da na shimfiɗa hawa ukun na soma bin su da ɗinki. Zare ya riƙa tsallake. Ɗinkin wani wuri ya yi faɗi, wani wuri ya cure. Layin da na ja da alli miƙaƙƙe, amma abin da ke fitowa a karkace. Allura ta karye, na sa wata, ita ma ta bi sahu. Na kira mai gyaran keke, ya kwance ya sa mai, ya gwada a ɗan ƙyalle, ɗinki ya fito tsaf, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ina mayar da bargon, matsala ta dawo. Ya sake zuwa ya ce a canja gidan zaren ƙasa, aka canja. Kuɗin da na kashe tsakanin gyara da allurai da kayan da ba su lalace ba ya kusa kuɗin teburin kansa. Har na fara tunanin sayar da keken Goggo, kuma wannan ne ya fi ƙona mini zuciya, don keken nan bai yi laifin komai ba.

Wata maƙwabciyarmu, tsohuwar tela ce, ta shigo ta same ni ina fama. Ba ta ko taɓa keken ba. Ta tattaro bargon da ke reto a gefen hagu ta rungume shi, ta ce, "Taka mu gani." Na taka. Ɗinki ya tafi santal. Ta ce, "Ƙanwata, kayan ne ke jan allurar. Teburinki bai da wurin ajiye su."

Abin a bayyane yake da zarar an nuna maka. Haƙoran da ke ƙarƙashin allura su ne ke tura yadi gaba daidai da daidai, amma ƙarfinsu na ɗan yadi ne. Idan rabin bargo ya zubo ƙasa ta hagu, wani kuma ya zubo ta baya, nauyin zai rinjaye su. Yana fizgar yadin gefe, allura ta lanƙwashe kaɗan, sai ta kuskure zaren ƙasa ko ta daki ƙarfen farantin ta karye. Teburin nan mai sheƙi, daga allura zuwa bakinsa na hagu bai cika ƙafa ɗaya ba, bayansa kuma bai kai hakan ba. Aljihun huɗun da na biya wa kuɗi, ɗaya ne kawai na taɓa sa almakashi a ciki.

Kuma da damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, sai wani abin ya fito. Saman teburin ya kumbura a gefen ramin da keke ke zama, kusoshin hinjin suka saki, kan keken ya riƙa rawa. Da na leƙa ƙasa na ga ashe ba katako ba ne, garin katako ne aka matse da gam aka liƙa masa fomeka. In za ku saya, ku sa hannu a cikin ramin nan inda ba a rufe ba. In kun ga layi-layi a jere, filawud ne. In kun ga burbushi kamar dusa, ku bar musu abinsu.

Ƙafar ƙarfen ba ta da aibu, don haka ita na riƙe. Na je kasuwar katako na sayi rabin fallen filawud mai kaurin inci uku bisa huɗu. Cikakken falle ƙafa takwas ne da huɗu, kuma rabi ya ishe ni har da saura. Kafintan ya so ya haɗa mini falankai, na ƙi, don katakon da bai gama bushewa ba yana ganin iskar hunturu zai tsage ko ya bankare, bakin haɗin kuma ya riƙa kama yadi. Na ce, "Malam, ƙafa huɗu a tsawo, biyu da rabi a faɗi, ramin kuma can dama za ka kai shi, ba tsakiya ba." Ya dube ni ya ce teburin keke ba haka ake yinsa ba. Na ce na sani, haka dai nake so. Yanzu daga allura zuwa bakin hagu ina da wajen ƙafa biyu da rabi, kuma ya ƙara ƙafafun katako biyu a can ƙarshen don kada ya rinjaya.

Kada ku ba kafinta awo a takarda, ku kai masa kan keken da ƙafar gaba ɗaya. Dalili biyu ne. Na farko, gadon keken, wato shimfiɗar ƙarfen da yadi ke bi ta kai, dole ya zauna daidai da saman teburin, ba tudu ba kwari, yadda in ka shafa hannu ba za ka ji gaɓa ba. Ko rabin inci ya ɗago, bargon zai riƙa tokarewa a wurin, an koma gidan jiya ke nan. Na biyu, ramukan bel sai sun yi saiti da babbar wilin ƙasa, in ba haka ba bel ɗin zai yi ta gogar katako yana zamewa. Hinjin tsohon teburin muka cire muka mayar, ba a sayi sabo ba. Ya goge bakin da sanfefa har ya yi laushi, sannan aka liƙa fomeka fara mara ado. Santsinta na taimaka wa bargon ya zame, kuma a kan fari ana saurin ganin allurar da ta faɗi.

Ana cewa araha ba ta ado. To ni ba ado nake nema ba, kuma duka aikin nan, katako da fomeka da ladan kafinta, bai kai abin da na zubar wajen gyaran keken da lafiyarsa ƙalau ba. Da tun farko wani ya ce mini in sayi ƙafa zalla, ko ta hannu ce, in kai wa kafinta, da kuɗin nan auduga da zanen baya suka saya.

Sauran dabarun ba na kuɗi ba ne. Na tura teburin kusurwar ɗaki, bango a hagu bango a baya, don haka bargon ba shi da inda zai zubo, sai dai ya taru. Ɓangaren da zai shiga ƙarƙashin hannun keken nakan naɗe shi tamau, tunda sararin wurin bai fi inci bakwai ba. Simintin ɗakina ba daidai yake ba, sai na yanka tsohon silifa na sa ƙarƙashin ƙafa ɗaya, rawar ta tsaya. Tsayin teburi kuwa ƙafar ƙarfen ce ta yanke shi, wajen inci 30, don haka kujera ake gyarawa: a zauna gwiwar hannu ta yi daidai da saman teburin, kuma a zauna saitin allura, ba saitin tsakiyar keken ba, in ba haka ba kafaɗar hagu za ta gaya maka kafin la'asar.

Bargon farkon na warware wajen kashi ɗaya cikin uku na ɗinkinsa na sake, kuma atamfar da allura ta riga ta huda ba ta komawa yadda take, duk wanda ya duba da kyau zai ga sawun. Shi ya sa ban sayar da shi ba, yana kan gadon yara. Na biyun na gama shi kafin sanyin Disamba da allura ɗaya tal, wata mai haɗa kayan ɗakin 'yarta ta saye shi, ta kuma ce in yi mata wani na shida da huɗu da rabi.