Ranar da na ce "Biyanci"

Na fi shekara biyu ina kiran keken nan mai launi tsakanin shuɗi da kore da sunan "Biyanci", ba wanda ya taɓa tanka mini. Sai wata Asabar mun tsaya shan ruwa bayan doguwar tafiya, ina ta zuba kan yadda nake mafarkin mallakarsa. Wani abokin hawana da ya yi karatu a Italiya ya bari har na kai aya, sannan ya ce, "Mutumina, Biyanci kuma wane yare ne? Ƙanin Turanci ne ko wan Faransanci?" Aka kwashe da dariya. Ashe kamfanin Bianchi, wanda Edoardo Bianchi ya kafa a Milan a 1885, "Biyanki" ake cewa. A rubutun Italiyanci, ch kafin i ko e sautin k yake bayarwa.

Da na koma gida na zauna da sunayen kamfanonin keke da na kayan keke ɗaya bayan ɗaya, sai na gano bakina na Bahaushe ba shi da laifi. Turanci ne ya rufta ni, don da idonsa nake karanta duk wani baƙon suna.

Ga Cinelli. Mai jin Turanci yakan ce "Sineli". Amma a Italiyanci c kafin i daidai take da c ɗinmu ta "ciki" da "ciniki". Ka karanta shi yadda za ka karanta kalmar Hausa, ka gama. Har l ɗin nan biyu ba ado ba ne, ana danna su, kuma wanda ya san bambancin "baba" da "babba" ba sai an koya masa wannan ba. Haka Pinarello. Shi kuwa Campagnolo, na Tullio Campagnolo da ya fara a Vicenza a 1933, na daɗe ina fama da g ɗin tsakiyarsa kamar mai haɗiyar ƙashi. Ashe gn ɗin nan ita ce ny ta "hanya" da "ganye": Kampanyolo. Sunan launin keken da ya jawo mini abin kunya ma, celeste, da c ɗinmu yake farawa.

Inda muke faɗuwa shi ne p da v. In ban yi hankali ba, "Finarello" ke fitowa daga bakina. Wilier kuma, duk da w ɗin da ke gabansa, da v ake fara shi, ni kuwa kullum b nake samu.

Faransawa tasu rigimar daban ce, sukan rubuta harafi su ƙi furta shi. Peugeot, wanda ya fara ƙera keke a 1882 tun kafin ya shiga harkar mota, t ɗin ƙarshensa ba ta da murya. Kakanninmu da suka ce "Fijo" da kunne suka ɗauka, ba da ido ba, shi ya sa suka fi mai cewa "Fiyujiyot" kusa da gaskiya. Haka kakannin namu suka yi wa Raleigh na Nottingham a Ingila, suka ce "Rali", kuma kusan haka masu abin ke faɗa.

Shimano na Japan bai taɓa ba kowa wahala ba, yadda aka rubuta haka ake karantawa. SRAM ne har yau muke kokawa da shi. Daga sunayen mutum uku cikin waɗanda suka kafa shi a Chicago a 1987 aka harhaɗa shi, kuma gaɓa ɗaya ce tak, ba a kiran haruffan ɗai-ɗai. Harshena dai ya ƙi yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma babu wasali tsakaninsu, sai ya cusa i, ya zama "Siram". Abokin nan nawa ya gyara mini sau uku, a na huɗu ya ɗaga hannu ya ce in ci gaba da abina.