Kafin ka cire ƙarfe ɗaya daga wuyan tsohuwar jita

Ina da shekara 26 wani dattijo ya shigo shagona a Jos, rungume da akwatin jita da ya ɗaure da igiya. Ya daɗe yana kiɗa a ƙungiyar makaɗan wani otal kafin ya ajiye. Da ya buɗe akwatin sai ga jita ja, Gibson ES-335, irin wadda aka fara ƙerawa a 1958 a garin Kalamazu na jihar Mishigan a Amurka. Alamomin da ke kan allon wuyanta masu kusurwa huɗu ne, ba ɗige-ɗige ba, wato ba a yi ta kafin 1962 ba. Ƙarafan wuyan, waɗanda muke kira firet, sun cinye har tsirkiya ta yi musu kwari kamar yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya.

Ya ce, "Ɗana, ƙarafan nan sun gaji, ka sake mini su."

Na ce, "An gama, Baba." Ban ƙara masa tambaya ko ɗaya ba, kuma daga nan ɓarnar ta faro.

Ƙanena mai koyon wannan sana'a, ka dubi gefen wuyan irin wannan jita da kyau. Za ka ga wani siririn farin abu ya zagaye allon kamar kalmasar riga. Ni ma kalmasa nake ce masa. A tsofaffin jita da seluloyid ake yin ta, abin da aka yi faifan sinima na da da shi. Gibson suna fara buga firet a allo, su yanke shi daidai bakin katako, sannan su manna kalmasar da tsayinta ya ɗara allon, su kankare ta a tsakanin kowane firet da na kusa da shi. Abin da ya rage shi ne ɗan tozo a ƙarshen kowane ƙarfe, hagu da dama. Firet 22, tozo 44. Hannun ma'aikaci ne ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma mai saye da ya san jita su yake fara shafawa don ya gane ko an taɓa wuyan.

Ni kuwa a wancan lokacin cikas na ɗauke su. Na sa kurfi da magagari na aske su kaf, na share allon da samfefa, na buga sababbin ƙarafa suka hau kan kalmasar. Aikin ya yi tsaf, babu tsirkiyar da ke zuza. Da Baba ya dawo bai ko nemi a jona ta da amsa-kuwwa ba. Ya ɗora ta a cinya, ya bi gefen wuyan da babban yatsansa daga sama har ƙasa, ya sake bi. Sai ya ce, "Ina 'yan tudun da ke nan?" Na fara bayani, ya ɗaga mini hannu. Ya ce shekara fiye da 30 yatsansa na tafiya a kansu, ko a duhu ya san inda yake. Ya biya ni kuɗina cif, ya ɗaure akwatinsa ya fita. Har yau idan na tuna yadda ya ƙulla igiyar nan a hankali, zuciyata takan yi nauyi.

Ka fahimce ni, ɗora firet a kan kalmasa ba aikin banza ba ne. Makaɗa da yawa shi suka fi so, domin yana ƙara faɗin wurin taɓawa, kuma siririyar tsirkiyar ƙasa ba ta maƙalewa a ratar da kan buɗe tsakanin tozo da ƙarfe idan jita ta tsufa. Da jitata ce ta kiɗan yau da kullum, haka zan yi mata. Laifina shi ne na yanke wa mutum hukunci a kan kayansa, kuma hukuncin da ba a janye shi. Firet abin ci ne, kamar tayar mota, an yi shi don ya ƙare a sake. Tozon nan kuwa idan ya tafi ya tafi, darajar jitar a kasuwa ma ta ragu. Saboda haka ka zaunar da mai ita, ka nuna masa hanyoyin biyu da yatsa a kan wuyan. Idan yana son tozayensa, ka gaya masa gaskiya: kowane ƙarfe sai an auna shi shi kaɗai, an goge bakinsa har ya shige tsakanin tozo biyu ba rata ba matsi, ba za ka iya share allon yadda kake so ba, kuma ƙarfen da ya fi tozon tsayi sosai ba zai zauna da kyau ba. Aikin ya ninka na farko a lokaci, don haka ya ninka a kuɗi. Kada kunya ta hana ka faɗin farashi, domin wanda ya karɓi kuɗin aikin kwana biyu a kan aikin mako guda, gaggawa ce za ta kama shi a tsakiya.

A wannan jitar dai na yi wani kuskuren da Baba bai gani ba, ni na gani. Na cire tsofaffin ƙarafan da sanyinsu. Ƙafar firet, wadda ke shiga cikin tsagar da aka yanka mata a allo, tana da 'yan ƙayoyi da ke riƙe katako. Katakon da ya shekara 40 yana shan zufa da iska ya bushe ƙayau, idan ka finciko ƙarfen sai ƙayoyin su taso da ɓarɓashi. Na ga ɓarɓashin, na hure shi ƙasa. Allon nan katakon roswud ne, kuma Gibson na wancan zamani sun yi amfani da na Barazil sosai, wanda tun 1992 yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, ta sa shi a jerin da aka fi tsananta dokar cinikinsa tsakanin ƙasashe. Abin da na hure ba ya sayuwa a kasuwar Katako. Yanzu ƙarfen soda na masu gyaran rediyo nake ɗora wa firet ya ɗumama, tsohon gam ya saki, sannan in sa awartakin da na goge bakinsa ya yi lebur, in matse a hankali daga gefe guda ina matsawa kaɗan-kaɗan. Ba ja ake yi ba, bakin awartakin ne ke shiga ƙarƙashi ya ɗaga ƙarfen yana kuma danne katakon. Duk ɓarɓashin da ya taso, a take nake mayar da shi gurbinsa da ɗigon gam kafin in wuce.

Amma zafin ma da iyakarsa. A wata jitar Japan ta shekarun 1970 na bar ƙarfen soda ya daɗe kusa da baki, sai na ji wani wari kamar na kafur, kafin in ɗaga kalmasar ta yi laushi ta lotsa. Seluloyid ba ya wasa da wuta, yana iya kamawa nan take. Ka tsaya a tsakiyar ƙarfen, zafin zai kai baki da kansa.

Inda aikin yake da gaske shi ne cikin tsaga. A wuyan da ba shi da kalmasa zarto kake ja daga wannan baki zuwa wancan, shi ke nan. A nan kuwa tsagar a toshe take ta ɓangarorin biyu, kamar lungun da ba ya ɓullewa. Tsohon gam da dauɗa sukan taru a kusurwa, daidai jikin kalmasa. Idan ka bar su, tsakiyar firet zai zauna, bakinsa ya ƙi, kai kuma ka yi ta bugu da guduma har kalmasar ta tsage. Na tsaga guda biyu kafin in gane ba ƙarfin bugu ne ya gaza ba. Ka samu guntun zarto da ɗan ƙugiya mai kaifi, ka yashe kowace tsaga kana jawowa daga baki zuwa tsakiya, sannan ka auna zurfinta a wuri uku. Faɗin tsaga a yawancin jita bai wuce kusan milimita 0.6 ba, amma tsohuwa takan buɗe. Ka auna, kada ka yi kintace. Na taɓa cusa ƙarfe mai kaurin ƙafa a tsaga matsattsiya. Ɗaya ba ya nuna komai, amma 22 suka haɗu suka tura wuyan ya gantsare baya, na kwance sandar ƙarfen da ke cikin wuya har ƙarshe bai dawo ba. Sai da na cire su duka na sake.

Ka lanƙwasa ƙarfen kafin ka buga. Doron allon Gibson inci 12 ne, wato lanƙwasar da'irar da daga tsakiyarta zuwa baki inci 12 ne, na tsohuwar jitar Fender inci 7.25, kuma Fender ma sun sa wa jitocinsu Jazzmaster da Jaguar kalmasa daga tsakiyar shekarun 1960. Lanƙwasar ta ɗan ɗara ta allon don bakin ya kwanta. Idan a kan kalmasa za ka ɗora, ka datse ƙafar ƙarfen a kowane baki, ka goge ƙasan har ya yi sumul. Ɗan tudun da ka raina shi zai hana shi zama.

Ga abin da littattafan Turawa ba za su jaddada maka yadda ya kamata ba: hunturu. Katako yana tsukewa idan iska ta bushe, ƙarfe ba ya bin sa. Firet ɗin da ka yanka a watan Agusta ya cika tsaga dam, zuwa Janairu allon ya tsuke, ƙafar ƙarfen ta tokari kalmasa daga ciki. 'Yan tsage-tsagen da kake gani a gefen tsofaffin jita, kowanne daidai saitin firet, yawanci daga nan suke. Ka bar wa ƙafar 'yar rata a kowane gefe, musamman idan da damina kake aikin.

Sufa gulu yana da amfani, amma yana cin fentin tsohuwar jita, haka ma asiton da za ka ce ka goge shi da shi, wanda ke narkar da kalmasar kanta. Ka rufe ko'ina da salatif na takarda, ka fara manna shi a rigarka ya rage danƙo don kada ya ɗago fenti. Wajen goge bakin ƙarafa kuma ka tsaya da zarar magagari ya kusa gefe. Launin zumar da ke kan kalmasa tsufan fenti ne, shafa ɗaya ta wuce kima sai fari tas ya bayyana. Kuma ka sanar da mai jita tun farko cewa sabon firet ya fi tsohon tsayi, don haka ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a saman wuya sai an ɗaga shi ko an sake, jakin da suke hawa a jikin jita ma sai an daidaita.

Kada ka koyi wannan a kan kayan mutane. Jitar gwanjo mai kalmasa ba ta da tsada. Ka sayi ɗaya, ka cire ka mayar sau uku, sau ɗaya da tozaye a wurinsu.

Baba ya dawo bayan kusan shekara biyu, tsirkiya kawai ya zo saye. Na ɗauko ambulan da na adana tsofaffin ƙarafansa 22 a ciki, na miƙa masa, na ba shi haƙuri a kan abin da ban tambaye shi ba. Ya zazzage su a tafin hannu, ya zaɓi na uku, wanda ya fi kowanne kwari, ya juya shi a haske. Ya ce, "Nan na fi zama." Ya mayar da su ambulan ya sa a aljihun gaba.