Asibitin talakawa na Beaune

Jama'a wallahi na shiga wani gini a garin Beaune na Faransa da har yanzu ya ƙi fita a raina. Sunansa Hôtel-Dieu, Nicolas Rolin, wazirin mai mulkin yankin a lokacin, da matarsa Guigone de Salins suka kafa shi a 1443 don talakawa marasa lafiya, sistocin coci ne ke jinyarsu. Daga titi ba wani ado, sai ka shiga tsakar gida ka ɗaga kai ka ga rufi da tayil kala-kala, ja da rawaya da kore da baƙi an jera su kamar zanen tabarma.

Amma babban ɗakin jinyar ne ya fi taɓa ni, tsawonsa wajen mita 50, gadajen katako a jere jikin bango kowanne da jan labule don sutura, can ƙarshen ɗakin kuma wurin ibada yadda mara lafiya zai bi addu'a yana kwance ba sai an tashe shi ba. Wannan tunanin fa!

Tun 1862 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, kuma har 1971 ana kwantar da mutane a ciki kafin a koma sabon asibiti. Yanzu gidan tarihi ne, gadajen suna nan a shimfiɗe.