Abin da rawuta biyu suka koya mani a gidan Alhaji

Shekara ta biyu kenan ina bin ogana muna sa ma mutane waifai a gidaje nan cikin Katsina, amma aikin da ya fi koya mani hankali na gidan wani Alhaji ne a Ƙofar Ƙaura. Gida ne babba, yana da rawuta (na'urar da ke ba da waifai) ta kamfanin TP-Link a falonshi, sai ya sawo wata ta kamfanin Tenda don sabis ya kai sashen mata. Na ja kebul na jona su, fitilu duk suka kawo, waya ta kama waifai amma intanet sai ta zo ta ɗauke, ta zo ta ɗauke. Nan take na yanke hukunci, nace ai kamfani daban daban ba su zama gida ɗaya, kishi suke.

Na kira oga, ya yi dariya yace kai yaro, ka duba adireshinsu kuwa? Ashe duk biyun kan 192.168.0.1 suke, kuma kowacce na raba ma wayoyi lamba da nata DHCP, limami biyu masallaci ɗaya. Na maida ta biyun 192.168.0.2, na kashe mata DHCP, shikenan magana ta mutu. Waifai kam yarensu ɗaya ko wane kamfani ya ƙera, inda suke rabuwa shi ne wajen mesh, wato rawutocin da ke haɗa kai da kansu su zama waifai ɗaya a gida, irin Deco ta TP-Link sai 'yar uwarta Deco.

Bayan sati biyu Alhaji ya sake kira wai data na zurarewa kamar an huda randa. Na shiga shafin setin rawuta, sunan shiga admin, fasuwod admin, yadda ta zo a kwali, kuma ni ne na barta haka, wallahi kunya ta kama ni. Na duba wayoyin da ke jone sun fi talatin, alhali mutanen gidan ba su kai rabin haka ba. Ba wani ɗan kutse bane, autan Alhaji ne, tun daga Android 10 waya na fiddo lambar QR ta waifai, aboki ya ɗauka da kyamara ya shige, shi ma ya ba na gaba, har majalisar bakin layi ta samu.

Na canza duka fasuwod biyun, don da yawa ba su san na waifai daban na setin daban ba. Na kashe WPS, wato hanyar jona waifai ba tare da rubuta fasuwod ba, don tun 2011 aka gano lambarshi mai guda 8 ba ta da wuyar fasawa. Sai zumuɗi ya ɗebe ni na sa tsarin tsaron waifai na WPA3 zalla a TP-Link ɗin tunda shi ne sabo, na 2018, ai kuwa tsohuwar wayar Alhaji da talabijin ɗin falo suka ƙi jonawa ƙememe. Dole na dawo tsohon tsarin, WPA2 mai AES (irin kullen da yake ma bayanai), wanda kowa ke ganewa.

Yara kuma na buɗe masu waifai na baƙi mai sunanshi daban, na rage mashi gudu, su raba ma duk wanda suka ga dama. Babban fasuwod ɗin na rubuta a takarda na miƙa ma Alhaji, yace a'a ɗana kai ma Hajiya, ni in auta ya matsa mani ba shi zan yi.