Inshorar tafiyar jirgin ruwa: ku duba kuɗin asibiti tukuna

Duk wanda ya ce min yana shirin tafiyar jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, irin manya-manyan nan masu hawa goma sha wani abu da ake kwana da kwanaki a ciki ana zagaya ƙasashe, to kafin mu kai ga maganar ɗaki mai baranda ko wace hanya ta fi daɗi, abin da nake fara tambaya shi ne inshora fa, an saya? Yawanci amsar ɗaya ce, wai ai akwai wani ɗan akwati da aka danna lokacin biyan kuɗin tikiti, ko kuma wai katin banki na da ita a ciki. Toh wallahi wannan amsar ba ta kwantar min da hankali, don mutane da yawa sun saya amma ba su san me suka saya ba, sai ranar da abu ya faru suke buɗe takardar.

Abin da nake so kowa ya fara sawa a ransa shi ne a tsakiyar teku babu asibiti. Eh akwai ɗan asibiti a cikin jirgin, can ƙasa-ƙasa yawanci, da likita da nas-nas, suna iya ɗinki, su yi ƙarin ruwa, su ɗauki hoton ƙashi, su riƙe mai bugun zuciya har a samu yadda za a yi da shi, kuma suna ƙoƙari gaskiya. Amma ba kyauta ba ne, baya cikin kuɗin tikitinka, kuma ba ruwansu da inshorar lafiyarka ta gida. Ana gama duba ka za a ɗora kuɗin a kan asusun ɗakinka, wannan katin da kake buɗe ƙofa da shi kake sayen lemo da shi, a kansa za ka ga kuɗin ganin likita daban, na allura daban, na magani daban, kafin ka sauka an cire daga katin bankinka. Kai ne daga baya za ka kwashi rasit ka bi kamfanin inshora su mayar maka, in kana da ita ke nan. Kar ma wani ya ce ai ƙasarmu tana da tsarin lafiya mai kyau, ko Medicare, tsarin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, ba ya biya in jirgin ya yi nisan da ya wuce awa 6 daga tashar ruwan Amurka, katin lafiyar Turai na EHIC ma a asibitin gwamnati na kan tudu yake aiki, ba a cikin jirgi ba.

Kuma wannan duk ƙaramin abu ne a kan abin da ya fi ba ni tsoro, wato a ce ciwon ya fi ƙarfin asibitin jirgin. Afendis ya tashi, ko shanyewar ɓarin jiki, ko tsoho ya zame a bene ƙugu ya karye. Likitan jirgi ne zai yanke hukunci ba kai ba, in ya ce a sauke ka to za a sauke ka, ko dai a tasha ta gaba ko kuma a kira helikwafta in ana kusa da gaɓa. Ɗaukar daga kan jirgin wani lokacin masu gadin teku ne ke yi, na Amurka misali ba sa karɓar kuɗin ceto, amma fa iyakarsu su ajiye ka a asibiti mafi kusa shikenan. Daga nan kai ne da asibitin kuɗi a wani tsibiri da ba ka san kowa ba, wasu ma sai an ajiye musu wani abu kafin su taɓa ka, jirginka ya ɗaga ya tafi da sauran fasinjoji, wanda yake jinyarka yana neman otal, sannan in tsibirin ba shi da kayan aikin da ake buƙata sai an yi hayar jirgin sama na marasa lafiya mai likita da iskar oksijin a ciki ya kai ka babban asibiti ko ya mayar da kai gida. Wannan jirgin dubban daloli ne masu yawan gaske, in nesa ce yana iya haura dala 100,000. Shi ne irin bashin da ke cinye gida da abin da mutum ya tara shekara da shekaru, kuma ni a ganina saboda shi ake sayen inshora tun farko.

Don haka in ka buɗe takardar, layi biyu za ka fara nema, nawa ne iyakar kuɗin jinyar gaggawa, nawa ne kuma iyakar kuɗin kwashe mara lafiya da mayar da shi gida. Shawarar da masu harkar suka fi bayarwa ga tafiyar ruwa ita ce kar na jinya ya gaza dala 100,000, na kwashewa kuma kar ya gaza 250,000, in kuma wuri ne mai nisa irin su Antatika ko tsibiran tekun Fasifik to sai a ƙara sama. Ka kuma karanta ina za a kai ka, don wata takardar cewa take asibiti mafi kusa da zai iya, wata kuma ta yarda a kai ka har ƙasarku in likita ya amince, bambancin ba kaɗan ba ne ga wanda zai yi wata guda a kwance. Ka duba maganar mai jinya, za su biya masa otal da tikiti ko kuwa. Allah ya kiyaye, har ɗauko gawa a duba yana ciki, ba daɗin faɗa amma iyalai sun sha wahala a kan wannan.

Masu zuwa Bahar Rum da bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai, akwai inda suke ruɗewa. Dokar bizar ta ce sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, sai mutum ya sayi mafi araha don ofishin jakadanci ya karɓa, ya ɗauka ya gama. Wannan ta cika sharaɗin biza ne kawai, sau da yawa iyakarta ƙasashen Shengen, alhali jirgin da ya tashi daga Basalona ko Atina yana iya tsayawa a Turkiyya ko Tunisiya ko Masar, ga kuma kwanakin da ake yi a kan ruwa. Ka ɗauko jerin tashoshin da jirgin zai tsaya ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar kowace ƙasa tana ciki. Wasu kamfanonin ma ba sa ɗaukar tafiyar ruwa a inshorarsu ta yau da kullum sam, sai ka zaɓi ƙarin da aka ware mata ka biya, in ba ka zaɓa ba to duk abin da ya same ka a cikin jirgi ba su san zancen ba.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce take ba ni haushi don an fi yin asara a nan ba gaira ba dalili. Tafiyar ruwa ana biyan kafin alƙalami wata shida ko shekara kafin tashi, sai mutum ya ce bari sai tafiya ta matso in sayi inshora. A'a ɗan uwa, a makon da ka biya kuɗin farko za ka saya. Dalili shi ne yawancin kamfanoni ba sa biyan ciwon da kake da shi tun kafin ka saya, hawan jini, ciwon suga, asma, ciwon zuciya, sukan waiwaya baya kwana 60 zuwa 180 su duba ko an canza maka magani ko ka ga likita a kan wani abu, in sun samu sai su ce tsohon ciwo ne. Amma da yawansu suna ɗage wannan sharaɗin in ka saya cikin kwana 14 zuwa 21 da biyan kuɗin farko kuma lokacin kana da lafiyar tafiya. Wa'adin na wucewa ƙofar ta rufe. A wasu ƙasashen kuma tsarin daban ne, tambayoyi za su yi maka kan lafiyarka su ƙara kuɗi gwargwadon amsar, to dan Allah ka faɗi gaskiya ko ƙwaya ɗaya kake sha da safe, don in abu ya faru sai sun nemi fayil ɗinka na asibiti, abin da ka ɓoye shi za su riƙe su hana ka komai. Kuma ba lafiyarka kaɗai ba, in mahaifiya tana gida ba lafiya kuma ka san in jikinta ya tashi fasa tafiyar za ka yi, ka tambaya ko nata ciwon ma yana cikin lissafi.

Haka guguwa. Lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma jiragen Karebiyan ba sa daina tafiya a lokacin. Da zarar an raɗa wa guguwa suna, inshorar da aka saya bayan nan ba ta biyan abin da ta jawo. Kamar mai neman lema ne bayan ruwa ya sauko.

Fasa tafiya ma a fahimce shi da kyau. Kamfanonin jiragen suna da jadawalin tarar da suke cin wanda ya fasa, tana hawa yayin da ranar tashi ke matsowa, a makonnin ƙarshe ko sisi ba sa mayarwa. Inshora tana biya ne in dalilinka yana cikin waɗanda aka lissafa, rashin lafiya da takardar likita, rasuwa a dangi na kusa, da makamantansu. Na ji tsoro, ko oga ya hana ni hutu, ko an hana ni biza, galibi ba sa ciki, kuma wannan na biza ya kamata mai fasfon da ke buƙatar biza ya tambaya baki da baki. Akwai wani ƙari da ake saya na fasawa bisa kowane dalili, yana da tsada, kashi 50 zuwa 75 cikin 100 yake mayarwa, sai ka fasa aƙalla awa 48 kafin tashi, shi ma kuma a cikin wancan ɗan wa'adin na farko ake sayensa. Ba kowa ke buƙatarsa ba, amma mai jiran biza ko mai tsoho a kwance ni dai zan ce ya duba. Mata masu juna biyu kuma ku sani yawancin jiragen ba sa ɗaukar wadda cikinta zai shiga mako na 24 a lokacin tafiyar, a yi lissafi tun kafin a biya.

Yanzu ga wancan akwatin da ake dannawa a shafin kamfanin jirgin. Ban ce ba shi da amfani ba, ga tsofaffi sosai wani lokacin ya fi sauƙi tunda yawanci ba ya hawa da shekaru. Amma sau da yawa kuɗin jinyarsa kaɗan ne, tikitin jirgin sama da otal da ka saya da kanka ba lallai su shiga ba, in ka fasa bisa dalilin da ba a lissafa ba ba kuɗi za su ba ka ba, ajiya za su rubuta maka sai ka sake tafiya da su. Babbar matsalar kuma in kamfanin ne da kansa ya karye fa? Ya faru, a Janairun 2022 uwar kamfanin Crystal Cruises wato Genting Hong Kong ta durƙushe, jirgin Crystal Symphony da ya kamata ya shiga Miyami ya karkata zuwa Bahamas saboda kotu ta ba da umarnin kama shi kan bashin mai, mutanen da suka biya tafiye-tafiyen gaba suka shiga bin kuɗinsu. Inshorar da ka saya ta hannun kamfani galibi ba ta rufe karyewar wannan kamfanin, sai ta waje mai wannan sharaɗin. Shi ya sa na fi son in saya daban in kwatanta uku ko huɗu. Kuɗinta dai yawanci tsakanin kashi 4 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin tafiyar ne, shekaru da tsawon tafiya ke ɗaga shi. Wanda kuma yake da damuwa ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful masu yin na tafiya, tambayoyin da za ka yi musu dai su ne waɗannan.

Wani abin da na gani da idona kuma har yanzu yana taɓa ni shi ne mutanen da jirgi ya tafi ya bari. An cire tsani, an kwance igiyoyi, jirgi ya fara ja baya, sai ga mata da miji a guje a kan gadar tasha da ledojin tsaraba a hannu suna ɗaga hannu, ruwan da ke tsakaninsu da jirgin sai ƙara faɗi yake. In ba da rangadin da jirgin ya shirya ka fita ba, ba ya jiranka. Kai za ka nemi hanyar cim masa a ƙasa ta gaba da kuɗinka, kuma inshora ba lallai ta biya makarar da kai ka jawo ba. Wadda take biya ita ce in jirgin sama ya yi latti ko aka soke shi har ka rasa tashi, shi ma akan sa sharaɗin awa 3 ko 6 ko fiye, don haka ka iso garin da za a tashi tun ana gobe, ya fi kowace inshora.

Sauran ƙanana ne, in wuce su da sauri. Wasu takardun suna ba da ɗan kuɗi in an tsallake wata tasha saboda iska, ko in likita ya kulle ka a ɗaki saboda amai da gudawa na ƙwayar cutar norobairos, bayan abin da ya faru da jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, inda aka killace mutum 3,711 sama da 700 suka kamu da korona, ya kamata a duba me takardar ta ce kan annoba da killacewa. Kaya kuwa kar su ɗauke maka hankali, akwai iyaka a kan kowane abu guda, gwal da kwamfuta ba lallai a biya ka cikakken kuɗinsu ba, ka riƙe su a jakar hannu tare da magungunanka. Nutso da tukunyar iska, babur ɗin ruwa, lilo a kan igiya, da yawa an cire su sai da ƙari, haka duk raunin da aka samu cikin maye.

In ka saya, yawancin kamfanoni suna ba da kwana 10 zuwa 15 ka karanta, in ba ta yi maka ba su mayar maka da kuɗinka. Ka zauna ka karanta sashen abubuwan da ba sa biya tun daga farko har ƙarshe, abin da ba ka gane ba ka tura musu imel don amsar ta zama a rubuce. Lambar takardar da lambar wayarsu ta gaggawa ka buga a takarda, ɗaya a cikin fasfo ɗaya a hannun abokin tafiyarka ɗaya a bar wa na gida, don intanet a teku ba abin dogaro ba ne, kuma yawancinsu suna so a kira su kafin a kwantar da kai ko a ɗauko jirgin marasa lafiya, in ba a kira ba suna iya ƙin biya.