Kwaya na rerawa, jama'a sun yi tsit

A majami'un da ake sujada da Hausa, ECWA ce ko COCIN ko EYN ko HEKAN, ba ƙungiyar waƙa ɗaya ke tashi ran Lahadi ba. Ga kwaya, wato mawaƙan majami'a, ga zumuntar mata da tulunansu da kacau-kacau, ga 'yan Sabon Rai, ƙungiyar masu waƙoƙin bishara, ga matasa da jita da kibod. Ni dai ma'auni ɗaya nake auna su da shi: in mai jagorar sujada ya kira lamba daga Littafin Waƙoƙi, mutanen da ke kan benci suna buɗe murya, ko leɓe kawai suke motsawa? A Kolosiyawa 3:16 an ce masu bi su koyar da juna, su gargaɗi juna da zabura da waƙoƙi. Aikin taro ne gaba ɗaya, kwaya kuwa ja-gaba ce.

Abin da ya fi rufe wa jama'a baki shi ne ɗaukar waƙa da tsayi. Mai kibod yakan zaɓi ki, wato tsayin sautin waƙa, wanda ya yi wa 'yan sofrano, masu murya mafi tsayi, daɗi, sai dattawa su kai tsakiyar baiti su saki. Muryar yawancin mutane tana sakewa ne daga C ta tsakiyar kibod zuwa D ta sama, fararen maɓallai tara ke nan, maza kuma su bi ta ƙasa. Waƙar da ta haura E, a sauke ta da rabin mataki biyu ko uku, wato maɓalli biyu ko uku a kibod, har da baƙaƙe. A sujadar safe, balle da hunturu da maƙogwaro ke bushewa, a ƙara saukewa.

Sai jan waƙa. A babban ɗaki mai rufin kwano sauti yana kai-komo, na baya suna jiran na gaba, kwaya kuma tana jiran jama'a, kafin baiti na huɗu waƙar murna ta koma ta jana'iza. Maganin shi ne ganga ko tulu ya riƙe bugu ba tare da ya saurari kowa ba, 'yan kwaya kuma su yanke ƙarshen layi tare, su ja numfashi tare.

Akwai wata matsala da ta fi waɗannan zurfi. Yawancin waƙoƙin littafi fassara ce, karinsu daga Turai da Amurka ya zo. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai doguwar gaɓa da gajera. In gajeriyar gaɓa ta faɗa kan doguwar nota, ko kari ya hau inda magana ke sauka, kalma takan lanƙwashe har mai sauraro ya rasa me aka ce. Shi ya sa waƙoƙin zumuntar mata ke kama jama'a nan take: daga magana karinsu ya fito, mace ɗaya ta ba da waƙa, sauran su amsa, kafin zagaye na biyu kowa ya iya amshin. Mai tsara sabuwar waƙa ya fara faɗin kalmomin da baki sau da yawa kamar yana hira, ya ji inda murya ke hawa, sannan ya ɗora kari a kai. Tsofaffin waƙoƙin littafi ba za a canza su ba, mutane sun haddace su tun suna yara, amma mai koyarwa ya sa kwaya ta karanta baitin a fili kafin ta rera, a san inda ake numfashi don kada a raba kalma biyu.

Koyon waƙa sau biyu a mako, awa ɗaya da rabi, ya isa. Minti goma na buɗe murya, sannan kowace murya ta ware ta koyi nata da do-re-mi, a haɗa alto da teno, muryoyin tsakiya, tukuna domin su ne suka fi zamewa su bi sofrano, daga baya a haɗa duka. Minti ashirin na ƙarshe na waƙoƙin da jama'a za su rera ne, kuma su ne aka fi tsallakewa saboda kowa na ɗokin waƙa ta musamman. A kwaya mai mutum 30, sofrano 10, alto 8, teno 5, bas 7 zai zauna daidai. Inda maza suka yi ƙaranci, gara a rera da murya biyu mai tsabta da a yi huɗu mai rauni.

Batun na'ura: in mutum bai ji muryar na kusa da shi ba, lasifika ta yi yawa, kuma zai daina rerawa. A ajiye lasifikoki gaba da makirufo, suna fuskantar jama'a, in ba haka ba ƙarar nan mai huda kunne za ta tashi. A kuma riƙa gwada waƙa ɗaya ba kibod, domin wuta na iya ɗaukewa a tsakiyar baiko, wato lokacin ba da sadaka.

Shugaban kwaya ya karɓi nassin wa'azi daga fasto tun ranar Talata ko Laraba, ya zaɓi waƙoƙin da suka dace da shi. Sabuwar waƙa ɗaya a wata ta isa: kwaya ta rera ta Lahadin farko, a koya wa jama'a amshi a na biyu, a na uku kowa ya rera ta duka.